Matakalar da Kawu Ya Sauko da Gahawa

Motar uban gidanmu a-kori-kura ce, doguwa, mai manyan tayoyi, an ɗora mata ɗaki a baya. Larabawan Riyad suna kiran irin wannan ɗaki karafan. A cikinsa akwai ɗan gado, da murhun gas, da kabad ɗin da ake jera kayan gahawa, da wata 'yar taga da ba ta rufuwa sai an dake ta. Ƙofarsa a baya take, can sama, dokinta ya kai mini ƙugu idan ina tsaye a ƙasa. Yawancin shekara motar tana kwance a garejin gidan da ke unguwar Nasim, an lulluɓe ta da tamfol. Amma da zarar sanyi ya shigo, aka ce an yi yayyafi a arewacin gari, sai Riyad ta rikice. Kowa ya ɗaura darduma da itace da jarkokin ruwa, a nufi barr, wato sahara. Ni ne direban wannan mota a shekarun da suka biyo bayan dubu biyu da goma, kuma sai da na fara zuwa na gane abin da mai gidan bene yake nema a cikin rairayi.

Kawuna ne ya kawo ni ƙasar. Yayan mahaifiyata ne, dogon tsoho siriri mai farin gemu, mai baki kamar reza. Ya zo tun ba a haife ni ba, ya yi wa mahaifin uban gidan namu aiki, da tsohon ya rasu aka gaje shi tare da darduma da butoci. Shi da kansa yake faɗin haka, yana dariya. Aikinsa ɗaya ne, gahawa. Kada ka raina. A wajen mutanen nan, mutuncin gida a bakin buta yake. Mai zuba gahawa yana riƙe butar a hannun hagu, ƙananan finjalai a hannun dama, ɗaya cikin ɗaya. Ba ya zama. Ba ya cika finjali, domin cika shi kamar ce wa baƙo sha ka tashi ne. Yana tsaye har sai baƙon ya ɗan girgiza finjalinsa, alamar ya isa. Kawu yana yin wannan duka kansa a miƙe, ko ƙasa ba ya kallo.

Wasu a bakin wuta suke dafa tasu, amma Kawu ya ce shi ba ya shayar da mutane rairayi. A cikin karafan yake dafawa, ƙofa a rufe. Idan ta yi, sai ya buɗe ƙofa, ƙamshi ya riga shi fitowa, ya sauko da hannuwa biyu a cike, baƙi suna zaune a kan darduma suna kallonsa. Abin da yake takawa kuwa wani tsani ne na ƙarfe da ya zo da ɗakin, siriri, a tsaye ƙyam, irin wanda kaji ke hawa akurki. Shekaru yana sauka a kansa ta gaba, kamar mai saukowa daga mumbari.

A wata shekara sai gwiwarsa ta dama ta ce ba ta san zance ba. Ni na fara lura, don ɗakinmu ɗaya. Na ga ya daina naɗe ƙafa wajen zaman tahiya, na ga yana dafa bango kafin ya miƙe. Na kau da kai, don na san halin kayana.

Fitarmu ta farko a sanyin nan, da la'asar, ya buɗe ƙofa ya sako ƙafa. Gwiwar ta lanƙwashe. Ya yi taga-taga, finjalai suka yi ƙara, gahawa ta fallatsa masa a gaban riga. Bai faɗi ba. Ya dire, ya gyara tsayuwa, ya zuba wa kowa, fuskarsa ko gezau. Baƙin suka yi kamar ba su gani ba. Ni kuwa sai da na yar da itacen da ke hannuna.

Bayan kwana biyu na ɗauko babban ɗan uban gidan da shi uban gidan a ƙaramar mota. Mutanen nan idan suna magana a bayan mota, direba kujera ne. Na ji ɗan yana cewa tsohon ya gaji, ranar da zai kife a gaban manyan baƙi da tafasasshiyar buta fa? Gara a sallame shi cikin mutunci, a ɗauko matashi. Uban gidan ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, a bari a ga yadda sanyin bana zai kaya.

Na san ma'anar wannan magana. Ikamar Kawu, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun uban gidan take. Ranar da ya ƙi sabunta ta, sai huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Faɗuwa ɗaya a gaban baƙi ta isa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsaye, a ce ƙarshen labarinsa shi ne an ɗaga shi daga ƙasa, riga jiƙe da gahawa, an kai shi filin jirgi. Wallahi abin ya hana ni cin abinci a ranar.

Da na koma ɗaki na tarar yana goge buta da toka da lemon tsami. Na tsuguna.

"Kawu, me zai hana in riƙa sauko maka da butar, kai kuma ka karɓa a ƙasa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Direba, an ce maka hannuna ya shanye ne?"

"A'a, Kawu, gwiwar ce na ga..."

"Gwiwar wa? Taka? Allah ya ba ka lafiya."

Ka ji mutum! Na tashi na ba shi wuri. Na gane ba zai karɓi taimakon da ke da hannu da ido ba. Sai dai wanda za a taka a wuce.

Washegari na sami uban gidan na ce masa tsanin karafan ya yi tsatsa, ina tsoron kada wani baƙo ya hau ya ji ciwo. Ya kalle ni kallon da ya ɗan yi tsawo, ya ce in je in nemo mai kyau. Daga nan na shiga neman matakala kamar mai neman aure.

Ta farko a wani shagon kayan fita sahara na samo ta, wajen unguwar Ulaisha. Ta alminiyam ce, mai naɗewa, tana walƙiya, ka ɗauke ta da yatsa biyu. Mai shagon ya rantse mini raƙumi ma zai hau. Na kawo, na maƙala a gareji da tsakar rana, lokacin da mutanen gida ke barcin ƙailula. Kawu ya zo wucewa, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya ɗora ƙafa ɗaya, abin ya yi lilo hagu da dama. Ya janye ƙafarsa.

"Wannan ai kwalekwale ne, ɗan nan. Kogi za mu ƙetare?"

Na mayar da ita. Na ɗauko wata mai nauyi, wadda ke da ƙarfen dafawa a gefe. Na yi ta murna a hanya, ina cewa yau dai na gama. Kawu ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce.

"To madalla. Buta a hagu, finjali a dama. Wannan kuma da haƙori zan kama?"

Haushi ya cika ni har wuya, don gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma duk wanda ya ga ƙarfen dafawa ya san an yi shi ne don wani mai rauni, kuma kowa ya san waye. Na kwance ta ina tsaki, shi kuwa ya koma ɗaki yana waƙe-waƙensa a hanci.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka saba zuwa unguwar Manfuha, inda 'yan ƙasarmu suke haɗuwa a ci tuwo a yi hirar ƙasa. A can akwai wani mai walda, mutumin Damagaram, da ke aiki a unguwar maƙera. Na ja shi gefe na faɗa masa abin da nake so: matakala mai faɗi wadda tafin ƙafa zai zauna a kanta gaba ɗaya, hawanta gajeru yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe sosai ba, wadda ba ta motsi ko an yi dambe a kanta, amma a iya naɗe ta a ɗaure a bayan mota. Ya ce wannan ai matakalar gidan sarki nake nema a kuɗin kujerar tsuguno. Amma ya zo Nasim ya auna, ya tafi, ya dawo da ita an shafa mata baƙin fenti. A kan simintin gareji ta zauna daram. Na hau, na sauka, na yi tsalle, har na ɗan taka rawa. Kawu ya leƙo ta taga ya ce a kai ni asibiti.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Duk wanda ya san barr ya san ba a shiga rairayi sai an rage wa tayoyi iska, in ba haka ba mota ta nutse. Ni da hannuna nake ragewa kullum, amma da ni da mai waldar ba wanda ya tuna. Da muka isa na sauke matakala, sai na ga mota ta yi ƙasa, matakala ta ɗaga hanci, ƙafarta ɗaya ta lume a rairayi, ɗayar tana reto. Allah ya so ni ranar ba baƙi, iyalin gida ne kawai, kuma shayi suka nema. Na durƙusa ina tona rairayi da hannu ina cusa duwatsu, Kawu yana zaune a bakin ƙofa yana ba ni shawarar da ban tambaya ba.

Muka koma wurin mai walda. Ya yanke ƙafafun, ya yi musu ramuka da ƙusa yadda za a iya ƙara tsawo ko a rage, ya lanƙaya wa kowace ƙafa faifan ƙarfe mai faɗi kamar tafin raƙumi. Na nemo guntun katako mai kauri da zan riƙa shimfiɗawa a ƙarƙashi. A kan matakan na fara manna guntun kafet don ya yi kyau, sai na ga raɓar safiya tana jiƙa shi, rairayi ya kwanta a kai, ya koma sulɓi. Na ɓamɓare, na sa baƙar roba mai ƙurji. Ba ta da kyan gani, amma tana kama takalmi.

Sai kuma na yi irin tamu ta gida. A garinmu duk abin da ke motsi, daga ƙofar shago har sarƙar keke, baƙin mai ake ɗura masa. Na samo giris na cika gaɓoɓin matakalar har yana ɗiga, ina jin na yi gwaninta. Fita ɗaya muka yi, iska ta taso, rairayi ya bi giris ɗin ya daskare kamar ƙullin ƙuli-ƙuli. Matakala ta ƙi naɗuwa, ta ƙi miƙewa, tana kuka ƙiii idan an taɓa ta. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na wanke ta da kananzir, na shanya, na goga wa gaɓoɓin kyandir kamar yadda mai waldar ya ce, bayan ya gama yi mini dariya.

Tun daga nan ta zama abin da nake fara dubawa kafin injin mota. Kuma a nan ne sanyin wannan shekara ya koma mini kamar mafarki, har yau ban iya rarrabe wace fita ce wace ba. An yi ruwa sosai a shekarar. Mukan bar gari bayan sallar asuba, gidaje su ƙare, kwalta ta ƙare, sai jan rairayi yana hawa yana sauka har inda ido ya tsaya. A cikin kwaruruka ciyawa ta fito, da wasu ƙananan furanni masu ruwan shuni da suke kira huzama, ƙamshinsu yana shiga har cikin tufafi. Hazo yakan kwanta a ƙasa, raƙuma su ratsa ta cikinsa, ka ga wuya da tozo suna tafiya ba ƙafafu. Ni kuwa ina durƙushe a bayan mota. In shimfiɗa katako, in daidaita ƙafafun, in share kowane mataki da ɗan burushi, in bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifana, in goge raɓa da tsumma. Sannan in hau da dukan nauyina in girgiza. Babu sauti a duniyar nan sai numfashina da ƙarar turmin Kawu daga ciki, yana daka gahawa.

A gida kuma, idan rana ta take aka shiga barci, nakan ji motsi a gareji. Na leƙa wata rana na ga Kawu da butar alwala cike da ruwa a hagu, finjalai a dama, yana hawa yana sauka, leɓɓansa suna motsi. Yana koya wa ƙafarsa hanya ne. Na koma da sanɗa, ban bari ya gan ni ba.

Baƙi suka yi ta zuwa a sanyin nan. Duk lokacin da ƙofar karafan ta buɗe, sai in bar abin da nake yi in tsaya daga gefe. Sai ga shi a farar riga, tururi yana tashi daga bakin buta, rana tana bayansa. Ya sako ƙafar hagu, ta dama ta biyo ta a hankali, kansa a miƙe, idonsa a kan baƙi. Wani lokaci iska takan kaɗa rigar, sai in ga kamar ba taka ƙarfe yake yi ba, sauko da shi ake yi. Ya dire a kan rairayi, ya ce bismilla, finjalai su yi 'yar ƙararsu. Sai a lokacin nake komawa kan aikina. Ko ɗigo bai sake zuba ba. Babban ɗan gidan ya daina maganar matashi, har na ji yana yi wa abokansa alfahari da tsohon.

Na ɗauka mun ci. Har na fara tunanin sabon fenti don baɗi.

Fitarmu ta ƙarshe, zafi ya fara leƙowa, furannin sun soma bushewa. Uban gidan ya gayyaci dattawan danginsu, an yanka rago. Bayan la'asar Kawu ya sauko kamar yadda ya saba, ya zagaya da buta har kowa ya girgiza finjalinsa. Maimakon ya juya, sai ya tsaya a gaban uban gidan. Ya yi magana da Larabcinsa na mutanen da, wanda ya fi na 'ya'yan gidan tsufa.

"Allah ya ja kwananka," ya ce. "Na zuba wa mahaifinka, na zuba maka, na zuba wa 'ya'yanka. Ina neman izini in tafi gida."

Dattawan suka dubi juna. Uban gidan ya ce, "Ya ammi, wani ya ɓata maka ne?" Haka yake kiransa, wato baffana. Kawu ya ce ko kusa, lokaci ne ya yi. Uban gidan ya miƙe tsaye, ya kama kan Kawu da hannu biyu ya sumbaci goshinsa, a gaban dattawan nan duka. Ɗaya bayan ɗaya su ma suka miƙe. Ni ina can jikin mota riƙe da burushi, na rasa abin da ke mini daɗi.

Da baƙi suka watse wajen motocinsu, na same shi zaune a kan matakin ƙasa, ya miƙe ƙafar dama, yana murza gwiwar da hannu biyu a fili, ba ɓoyo. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba.

"Haba Kawu! Duk wahalar nan da na sha? Na zaga Riyad kamar mahaukaci, na ci rairayi, na sha dariyar mai walda, don kada a sallame ka. Yanzu da aka bar maganar, kai da bakinka?"

"Zauna, direba."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, ai kai gwiwarka lafiya lau." Ya ɗan yi murmushi. "Kana tsammani ban san abin da aka faɗa a mota ba? Tun ranar da gahawa ta zubo mini a riga na san tafiya ta zo. Abin da ban sani ba shi ne, ni zan ce zan tafi, ko ce mini za a yi tafi. Da na nemi izini a wancan makon, sai a ce tsoho ya ji kunya ya gudu. Sanyi guda nake nema, in sauko lafiya har ƙarshensa. Ka ba ni. Allah ya yi maka albarka, ɗan ƙanwata."

Bai taɓa kirana haka ba. Na zauna a kan rairayi kusa da ƙafarsa. Rana tana gangarawa, tuddan suka yi ja kamar garwashi, can nesa wani makiyayi yana kora raƙumansa. Na so in ce masa ina tsoron zama a ƙasar nan ba shi, amma na kasa.

Can na ce, "To a gida wa zai kula da kai? Wa zai yi maka matakala?"

Ya yi dariya har da tari. "Matakalar me? Ɗakina na ƙasa ne, dokin ƙofarsa ko ɗan akuya ya tsallake." Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, kamar mai neman ta inda garinmu yake. "In yana nan tsaye ke nan. Wanda na bar wa mabuɗin ya rasu, wanda ya bar wa shi ma ya rasu."

Ya juyo ya dube ni, kuma a karon farko na ga tsoro a idon Kawu.

"Kai da ka baro garin kwanan nan, faɗa mini gaskiya. A unguwarmu, akwai sauran wanda zai gan ni ya gane ni?"

Na buɗe baki, na shiga lissafo tsofaffin unguwar a zuciyata, gida gida, daga bakin masallaci har bakin kasuwa. Yana kallona, yana jira.

"Ƙanwarka, Inna, tana nan," na ce.

Ya jinjina kai a hankali. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, Kawu."

"To ta isa," ya ce. "Kira mini ita gobe, ka ce ta sa a share ɗakin."